Kitsen da Ya Ƙi Zama a Jikin Gwaggo

Kafin mu dawo daga maƙabarta har an cika layinmu da rumfuna da kujerun roba, kai ka ce matar wani babban attajirin kasuwar Kejetia ta Kumasi ce ta rasu. Na zauna cikin maza ina karɓar gaisuwa, domin marigayiyar ƙanwar mahaifina ce, kuma ni ne babban namijin da ya rage a gidan. Duk wanda ya zo sai ya kama hannuna, ya girgiza kai, ya ce, "Allah sarki, baiwar Allah mai haƙuri." Ina amsawa da amin, raina yana tafasa. Gwaggo ba ta da haƙuri ko kaɗan. Bakinta ya fi wuƙar mahauta kaifi, kuma duk wanda ya kira ta mai haƙuri bai taɓa zama kusa da ita ba.

Wani maƙwabcinmu, wanda ya hana 'ya'yansa karɓar ko loma daga hannunta tun suna rarrafe, shi ya fi kowa share hawaye. Wani kuma ya matso kusa da kunnena ya tambaya ko za a ba da ɗakinta haya. Daga cikin gida kukan mata ke tashi, kuma na san muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi ɗaga murya ita ce yayar marigayiyar, wadda duk muke kira Hajiya, mace mai jikin da sai ta juya gefe kafin ta shige ƙofar zaure. Saboda waɗannan mutane nake wannan rubutu. Idan na bar musu Gwaggo, kafin shekara ta zagayo za su mayar da ita wata tsohuwa mai sanyin hali da ba a taɓa yi ba, su kuma manta abin da suka yi mata.

Sana'arta kakide. Da sassafe take zuwa mayanka ta sayo kitsen shanu, ta yayyanka shi, ta zuba a ƙatuwar tukunya a bayan gida, ta tsaya a kansa har ya narke. Idan ya fara hucewa sai ta ƙulla shi a ƙananan ledoji, ta kai wa masu tsire, waɗanda a nan muke kira masu chichinga, da mata masu waakye, wato shinkafa da wake, a wajen kasuwar Race Course. Tun ina yaro warin kitse shi ne warin gidanmu, ya kama labule, ya kama littattafan makarantata.

Ga macen da ta ƙare rayuwarta hannu dumu-dumu cikin kitse, amma ko ɗigo bai zauna a gaɓoɓinta ba. Hannuwanta tsoka ce zalla, jijiyoyi sun fito raɗau daga wuyan hannu har kafaɗa. Ƙafafunta irin na mai turin amalanke. Ba ƙugu, ba cinya, sai wuya mai kauri da ciki mai tauri. Fatar wuyanta baƙa ƙirin ce mai kauri, kamar an shafa gawayi an bari. Ga ci kuma. Gwaggo takan share kwanon tuwon mutum biyu ta nemi ƙari, ta tashi kamar ba ta ci ba.

A Zongo kuwa mace ba ta cika mace ba sai ta cika kujera. Idan aka ce wa mace obolo, wato mai ƙiba, yabo ne, sai ta yi murmushi ta gyara gyale. Don haka aka yi wa Gwaggo sunaye. Aka ce namijin mata ce. Aka ce ƙazama ce, ba ta wanke wuya. Masu ƙaramin imani suka ce mayya ce, wai abin da take ci ba cikinta yake zuwa ba, wasu take ciyarwa a ɓoye. Mahaifina yana da irin waɗannan hannuwa, ni ma ina da su. Mu ana ce mana masu ƙarfi, ana cewa jinin makiyayan Nijar ne bai sake mu ba. Hannu iri ɗaya, a jikin namiji abin alfahari, a jikin mace abin gudu. Haka hankalin mutanenmu yake, kuma da shi suke yi wa wasu wa'azi.

Amsarta ga duk wannan kalma uku ce. Idan aka kawo mata gulmar da aka yi, sai ta ɗaga ludayi daga tukunya, ta dubi mai kawowa sama da ƙasa, ta ce, "To, sai me?" Ka ce mata gwamnati ta ƙara kuɗin mota, to sai me. Ka ce mata an ce ita mayya ce, to sai me. Na daɗe ina tsammanin da gaske abin bai dame ta ba. Sai da na girma na lura cewa ban taɓa ganin ta da riga mai gajeren hannu ba. A zafin Kumasi, a bakin wuta, tana zufa kamar an watsa mata ruwa, hannun rigarta yana nan har wuyan hannu.

Alherinta ma da faɗa yake zuwa. 'Yan matan arewa masu dako a ka, kayayo, sukan biyo ta bayan gidanmu da rana tsaka idan kasuwa ta lafa. Takan kwashe musu soyayyen da ya rage a gindin tukunya, ta haɗa da gari da yaji, tana zagin su. "Ke, wannan ƙafar taki ta taɓa ganin sabulu? Zauna ki ci kafin ki faɗi min a ƙofa." Su ne kaɗai a ranar jana'iza suka zo suka tsaya nesa, ba su shiga rumfa ba, ba su yi kururuwa ba. Gidan Hajiya kuwa ba a taɓa ɗora tukunya da man da aka saya ba. Duk Juma'a Gwaggo ke aika mata kakide da nama, tun kafin a haife ni.

Ciwon suga ne ya kashe mahaifina da ƙuruciyarsa, shi ya kama Gwaggo, ni ma ina tare da shi. Wata shekara wata likita matashiya a babban asibiti, mai bincike kan masu sugan da ba su da ƙiba, ta ga hannuwan Gwaggo ta kasa ɗauke ido. Ta roƙi a ɗebi jininmu a aika wani wuri a duba. Ni na raka ta, tun da kimiyya nake koyarwa a wata makaranta a unguwar Oforikrom, kuma a gidanmu duk abin da ya shafi Turanci ni ake turawa. Aka ɗebi jinin Gwaggo aka ajiye a ƙaramar kwalba. Kafin mu tashi sai ga wani fari-fari ya taso samansa, kamar maiƙo a kan romo. Likita ta ce kitse ne.

Gwaggo ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta wajen taga. Ta ce, "Ashe nan kake. Shekara da shekaru ana neman ka a ƙuguna."

Da sakamako ya dawo, likitar ta yi bayani, ni kuma na mayar wa Gwaggo da Hausa. Jikinmu, da na saniya, da na akuya, da duk wata halitta mai shayar da 'ya'yanta, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. A cikin ƙwayoyin da ke ƙarƙashin fata kitse yana taruwa ɗigo-ɗigo, kuma kowane ɗigo akwai wasu furotin da suka lulluɓe shi. Babbansu sunansa ferilifin. Idan mutum ya ƙoshi, sai ya rufe ɗigon ruf, ya hana sinadaran da ke narkar da kitse su taɓa shi. Idan yunwa ta zo, ko azumi, ko aiki mai wuya, jiki ya aika saƙo, sai ya ba su hanya su ɗebi daidai abin da ake buƙata. A jinin gidanmu wannan furotin ya zo da tawaya, ba ya rufewa yadda ya kamata. Kitsen yana tsiyaya koyaushe, ya rasa wurin zama a ƙarƙashin fata, sai ya bi jini ya taru a hanta da wuraren da ba nasa ba. Daga nan suga ke tasowa, kuma baƙin wuyan ma alamar wannan rikici ce, ba datti ba ne.

Ta dubi hannunta. Sannan ta ce, "Wato ledata ce a huje."

Na ce haka ne.

"Ta saniya kuma lafiyarta lau?"

Na ce lafiyarta lau, shi ya sa take tara shi.

Ta ce, "Madalla. Da ita ma a huje take, da me zan sayar?"

A wannan rana ce likitar ta tambaye ta wani tabo da ta gani a cikinta wajen gwaji, kuma a nan na ji labarin da ba wanda ya taɓa faɗa min. Lokacin da za a yi wa Gwaggo aure, dangin miji suka ce ba za su kai tsintsiya gidansu ba, sai an gyara ta. Aka kulle ta a ɗaki kamar yadda ake yi wa amare, ana ɗura mata kunun gero da man shanu da madara da sukari safe da yamma, ga wasu ƙwayoyin ƙiba da aka sayo a kasuwa. Hajiya ce mai damawa, da bulala a gefenta. Hannu bai canza ba, ƙugu bai fito ba, ciki ne kawai ya kumbura. Wata rana da la'asar ciwo ya murɗe ta har ta suma, aka kwashe ta zuwa asibiti aka tsaga ta daga ƙirji zuwa ƙasan cibiya. Likitarmu ta ce kitsen ne ya yi wa jini yawa har ya ƙona wata gaɓa da ke bayan tumbi, kuma da yawa ba sa tashi daga irin wannan. An ɗaura auren bayan ta warke. Bai daɗe ba mijin ya maido ta, ya ce shi ba ragowar asibiti ya nema ba. Ba ta sake aure ba, ba ta haihu ba.

Likitar ta dube ni ta ce, idan ina da 'ya mace mai irin wannan jiki, kada a kuskura a ba ta maganin ƙiba.

Ina da ita. 'Yata ta fari, tun da ta fara girma Gwaggo ta riga kowa gani. Wata rana ta jawo hannun yarinyar ta jera da nata, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mata ta je ta ɗebo ruwa. Yanzu 'yata ta zama budurwa, tana ɗinki, ta samu saurayin da ita da kanta ta zaɓa, aka sa rana. Sai uwar yaron ta aiko cewa a gyara amarya kafin biki, kada a ce ɗanta ya auro kayayo. Hajiya ta ce aikinta ne, ita ta saba. Yanzu ba sai an daka komai ba, a Kejetia ana sayar da ruwan maganin ƙiba a kwalba, ana haɗawa da ƙwayoyin da ba wanda ya san abin da ke cikinsu, mata suna sha kamar shayi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yarinyar da kanta tana so. Na zaunar da ita, na zana mata ɗigon kitse a takarda, na zagaye shi da furotin, na nuna mata inda yake yoyo. Ta ce, "Baba, ka bar darasi a makaranta. Ni ce zan tsaya gaban mutane ranar biki, ba kai ba." Uwarta ma ta ce kwalba ɗaya me za ta yi wa mutum.

Na tafi wurin Gwaggo tana bakin tukunya. Na ce, "Gwaggo, ki kira ta ɗaki ki ɗaga mata riga ta ga tabon nan. Maganata ba ta shigar ta, amma wannan zai shige ta."

Ta ce, "Ni? In buɗe cikina gaban jikata? Uwar da ta haife ni ma ba ta gan shi ba."

Na ce, "To kunyarki ta fi ranta ke nan?"

Ludayin ya wuce ta gefen kunnena ya daki bango. Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, ɗan boko. Ka ɗauka ni allon makarantarku ce?" Na tashi na tafi, muka yi kwanaki ba ma gaisawa. Har yau ina ganin ni ke da gaskiya, kuma da tana nan da na sake faɗa mata.

Ba a daɗe ba hantarta ta gaza, ta kwanta. Aka ɗage maganar gyaran amarya saboda jinya. Wata rana da hantsi na shiga duba ta, ta sa aka fita aka bar mu. Ta ce, "Idan na tafi, 'yarka ce za ta zuba ruwan wanka. Hajiya za ta ce budurwa ba ta shiga wankan gawa. Kada ka saurare ta. Kuma ka ce wa yarinyar na yafe mata ta faɗi abin da ta gani, sau ɗaya, ga wadda ta dace."

Haka kuwa aka yi. Ranar da ta cika, Hajiya ta tare ƙofa tana cewa ba a taɓa yi ba, wannan aikin manyan mata ne. Na ce wasiyya ce, kuma ba za a ɗauki gawa ba sai an cika ta. Na tsaya a tsakar gida har 'yata ta shiga da buta. Da ta fito ba ta kalli kowa ba, ta wuce ɗaki ta rufe.

Kowa ya san cewa abin da mai wanka ya gani a jikin mamaci amana ce, da ita ake shiga kabari. Amma kafin la'asar labarin wuyan Gwaggo ya zagaye rumfar mata. Da kunnena na ji wata daga cikin masu wankan tana cewa, "Ei, mun cuɗa, mun cuɗa, bai fita ba koraa, ko kaɗan." Soso suka sa wa gawa suna neman dattin da babu shi. Waɗannan ne matan da ke zama sahun gaba a wurin tafsiri.

Ranar sadakar uku na shiga cikin gida in yi wa mata godiya. Hajiya tana zaune a tsakiya ta cika tabarma, uwar saurayin 'yata tana gefenta. Idon Hajiya a bushe yake yanzu. Ta kira 'yata, ta zuge jaka, ta fito da kwalba mai ruwan ɗorawa ta ajiye a gabanta, ga wani fulas na kunu. A zaman makokin ƙanwarta, a kan tabarmar ƙanwarta.

Ta ce, "Mutuwa ba ta hana biki. Ki fara yau, cokali biyu kafin abinci. Dubi yadda kika bushe, Maame surukarki ma tana ta magana."

Uwar yaron ta gyaɗa kai, ta ce, "Gaskiya ne. Yarinya yana da kyau, amma jiki babu."

Na buɗe baki zan yi magana, 'yata ta riga ni. Ta durƙusa kamar yadda ake yi wa manya, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Hajiya, ni na zuba ruwa. Na ga cikinta. Daga nan har nan." Ta nuna a jikinta. "Wa ya dama mata kunun?"

Hajiya ta gyara gyale, ta dubi bango, ta ce abin da ya wuce ya wuce, kuma kowa da ƙaddararsa. Sannan ta daka wa 'yata tsawa. "Ke, da waɗannan hannuwa wa zai aure ki? So kike ki ƙare kamarta?"

'Yata ta naɗe hannun rigarta har gwiwar hannu, a gaban surukar, jijiyoyin suka bayyana. Ta ce, "Duk Juma'a irin waɗannan hannuwa ke aika miki abin da kike ci, Hajiya. Ba zan sha ba."

Uwar yaron ta ce, "To mu fa ba za mu iya ba."

'Yata ta dube ta sama da ƙasa. Ta ce, "To, sai me?"

Na fita da sauri, domin ban so mata su ga hawayena ba. Muryar ma ta Gwaggo ce.

Ba zan yi ƙarya in ce abin ya ƙare da daɗi ba. Uwar yaron ta ɗauki takalmanta ta tafi, kuma har yau gidansu bai aiko ba. Yaron yana kira, yana cewa a ba shi lokaci ya shawo kan uwarsa, ni kuwa na san irin wannan lokaci. 'Yata takan tsayar da keken ɗinki ta yi kuka, ta share ido ta ci gaba. Hajiya tana yawo gida-gida tana cewa na ɓata yarinya da boko, kuma ta fara tambayar wa zai riƙa aiko mata man girki. Amma na kai 'yata wurin likitar nan, an ɗebi jininta, an ajiye, muka zauna muna kallon kwalbar. Farin da ya taso kaɗan ne, irin wanda magani da kula da abinci ke riƙewa. Cikinta ba tabo.

Gwaggo, na ce ki ɗaga riga kika jefe ni da ludayi, ashe kin riga kin zaɓi ranar da za ki ɗaga. Allah ya ji ƙanki, ya yafe miki zagin da kika yi, domin yawancinsa a kan hanya yake. Ya sa ki inda ba a auna mace da ƙugu, inda za ki zauna a inuwa ki naɗe hannun riga ki sha iska.